Sandan Hukuma da Kukan Talaka

Wanda ya bi hanyar Zariya daga birnin Kano da rani, in ya wuce Kura ya doshi Kadawa, zai ga abin mamaki. Ko'ina ƙasa ta bushe, amma nan gonaki kore shar, ga alkama, ga shinkafa, ga tumatir da albasa. Ruwan da ya ke raya su daga madatsar Tiga ya ke fitowa, wadda aka gama gininta a 1974, ya biyo babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam. Mutumin da aka yi wannan babban aiki a zamaninsa kuwa, watau Alhaji Audu Bako, Gwamnan Jihar Kano na farko daga 1967 zuwa 1975, ɗan sanda ne, Kwamishinan 'Yan Sanda. Har wa yau Kanawa ba su ambatonsa sai da alheri.

Amma duk da haka, manomin da ya ke yi wa wannan bawan Allah addu'a, in ya ɗora kwandunan tumatir a mota ya hango shingen 'yan sanda a kan hanya, sai gabansa ya faɗi, ko da ba shi da laifin komai. Uwa ma in ɗanta ya dame ta da kuka, ta kan ce za ta kira masa ɗan sanda. To, me ya sa mutumin da aka ɗauka aiki don ya tsare jama'a ya zama abin tsoron jama'a? Kuma in an cuci mutane, ya halatta su taru su yi kuka da murya ɗaya? In sun taru, mene ne aikin ɗan sanda a wurin? Tambayoyin nan kamar daban daban su ke, amma tushensu ɗaya ne, watau: wa ya ke da sandan nan, kuma don wa aka ɗauke shi?

Asalin Tsoro

Tsoron nan ba yau ya fara ba, gadonsa aka yi. Tun kafin zuwan Turawa sarakuna suna da dogarai, su ke kama mai laifi, su ke zartar da hukunci. Da Turawan Ingila suka kama Ikko a 1861, sai suka kafa 'yan tsaronsu, a 1879 kuma suka yi wata runduna mai makamai wadda suka sa wa sunan Hausawa, domin yawancin mutanenta daga Arewa su ke. Dabararsu ita ce a kai baƙo ya tsare garin da ba shi da dangi a ciki, don kada tausayi ya hana shi duka. A 1930 aka haɗa 'yan sandan Kudu da na Arewa suka zama runduna ɗaya.

Ban da waɗannan, a Arewa akwai 'yan doka, watau 'yan sandan En'e, masu bin umurnin sarki da hakimai. Su talaka ya fi gani, ran karɓar haraji da jangali. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, mabiyan Malam Aminu Kano da yawa sun sha kulki da ɗauri saboda taron lacca, Hajiya Gambo Sawaba ma an ɗaure ta sau da yawa. A Kudu kuwa, ran 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu haƙar gawayi a Enugu waɗanda ke neman haƙƙinsu, suka kashe mutum 21.

Watau tun asali an sassaƙa sandan nan ne don ya tsare mai mulki daga waɗanda a ke mulka. An sami mulkin kai a 1960. Bayan juyin mulkin 1966 aka soke 'yan doka, aka zuba su cikin 'yan sandan Nijeriya. Tuta ta sake, riga ta sake, amma hali ya fi riga wuyar tuɓewa. Shi ma talaka bai tuɓe tsoronsa ba.

Ɓarnar Mai Tsaro

Laifofin da jama'a su ke kuka da su sanannu ne: karɓar na goro a shinge, sayar da beli alhali kuwa an rubuta a bangon caji ofis cewa beli kyauta ne, kama uba ko mata a madadin wanda ya gudu, da dukan mutum don ya amsa laifi. Duk waɗannan doka ta hana su. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da gallaza wa wanda a ke tsare da shi babban laifi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Tsarin mulki kuwa ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, in babu, cikin kwana biyu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi bincike tare da wani ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, aka ga cikin mutum 100 da suka yi hulɗa da ɗan sanda, 46 sun ba da hanci ko an nemi su bayar a 2016, a 2019 kuwa 33. Abin ya ragu, amma mutum ɗaya cikin uku ba kaɗan ba ne.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Ɗan sanda ba daga sama ya faɗo ba, ɗan wani ne, ƙanen wani ne, wataƙila ma daga Kura ko Bunkure ya fito. Da yawansu suna kwana a kan titi cikin sanyin hunturu, albashi kaɗan, bariki ya lalace, waɗansu kuma sun bar marayu wajen yaƙi da 'yan fashi. Akwai masu gaskiya a cikinsu waɗanda ba a jin labarinsu, gama wake ɗaya shi ke ɓata gari. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Direban da ba shi da takardu, ya miƙa kuɗi tun ba a tambaye shi ba, da mai arzikin da ya biya don a kulle wanda ya ke bi bashi, su ma suna da hannu cikin ɓarnar.

Amma talauci dalili ne, ba hujja ba ne. Laifin mai tsaro ya fi na ɓarawo nauyi, ga kuwa dalili. Ɓarawo in ya saci akuya, akuya kaɗai ya sata, mai ita yana da inda zai kai ƙara. Ɗan sanda in ya karɓi kuɗin zalunci, ya ɗauke kuɗin, ya kuma ɗauke wurin kai ƙarar. Daga nan sai mutane su daina kai rahoto, mai shaida ya ce bai ga komai ba, in an kama ɓarawo a kasuwa jama'a su far masa da kansu, wani lokaci ma su hallaka wanda bai ji ba bai gani ba. Ɗan sanda na kirki kuma ya rasa mai taimakonsa. Nan ne bambancin tsoro da kwarjini ya ke. Wanda a ke tsoro, in an gan shi sai a ɓuya. Wanda ya ke da kwarjini, in an shiga uku wurinsa a ke gudu. Tsoro da sanda a ke samunsa, kwarjini kuwa sai da gaskiya.

Abin da Ya Faru a Bakolori

Manoman Kadawa suna da 'yan'uwa a wajen Talata Mafara, cikin Jihar Zamfara ta yanzu, a lokacin kuwa cikin Jihar Sakkwato ta ke. Can ma an datse kogin Sakkwato a Bakolori don noman rani, irin na Tiga, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ya yi aikin, aka gama madatsar a 1978. Ruwa ya ci garuruwa da gonakin mutane dubbai. Waɗansu an karɓi gonakinsu don a baje su, suka yi damina ba shuka. Na ƙasan kogi kuwa fadamarsu ta daina samun ambaliyar da ta saba. Diyyar da aka yi alkawari ta yi ta jinkiri, wadda aka biya kuma mutane suka ce ba ta kai ba.

Manoma suka yi ta kai kuka wurin manya, ba su ga biyan bukata ba. Da haƙuri ya ƙare, sai suka tare hanyoyin shiga wurin aikin, suka tsai da shi. A ƙarshen watan Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka aika da 'yan sandan kwantar da tarzoma. Suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, aka ƙone gidaje. Adadin matattun da hukuma ta faɗa bai kai 30 ba, amma waɗansu da suka bi diddigi sun ce sun haura 300.

A lura da abu guda. 'Yan sandan da suka je Bakolori ba su ne suka auna gonaki ba, ba su ne suka riƙe kuɗin diyya ba. Waɗanda suka toshe kunnuwansu suna zaune cikin ofis, sai da magana ta lalace suka tura masu bindiga. Haka abin ya ke sau da yawa: wurin da ya kamata a aika da mai alƙalami da jakar kuɗi, sai a aika da mai sanda. Bashin da hukuma ta ƙi biya, ɗan sanda ke ɗaukar baƙin jininsa shekara da shekaru.

Haƙƙin Kuka

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Gwamna ba ya kwana a gonar da ruwa bai kai ba, injiniya ba ya cin tuwo daga rumbun da ya ƙare. In ba a bar mai ɗaki ya faɗa ba, ta ina mai gyara zai sani? Saboda haka kukan talaka ba rashin ladabi ba ne, taimako ne ga mai mulki. Magabata sun san haka. Shaihu Magili, da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafin nasiha a kan sarauta fiye da shekara 500 da suka wuce, ya yi ta nanata gargaɗi kada sarki ya ɓuya wa talakawansa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su, har da cin hanci da ƙwace dukiyar mutane a kasuwa.

Me ya sa sai an taru? Domin muryar talaka ɗaya ba ta wuce zaure. Attajiri yana da wayar da zai buga, yana da lauya. Manomi mai kadada guda ba shi da komai sai yawan 'yan'uwansa. In an hana shi taro, an hana shi magana ke nan.

Dokar ƙasa ta yarda da wannan. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, sashe na 40 kuma ya ba shi 'yancin taruwa da waɗansu cikin lumana. Da can akwai dokar 1979 wadda ta ce ba a taro sai da izni. A watan Satumba 2003 'yan sanda suka watsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, wai ba su da takarda. Jam'iyyu suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a watan Disamba 2007, cewa neman iznin 'yan sanda kafin taron lumana ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa in an sanar da su za a yi taro ko jerin gwano, wajibi ne su ba da tsaro. Watau aikin ɗan sanda a wurin taro shi ne ya raka shi, ba ya watsa shi ba.

To, mai hankali zai ce, ai zanga-zanga ƙofar fitina ce, an san farkonta ba a san ƙarshenta ba. Wannan magana tana da nauyi, Kano ma ta ga zahiri. Ran 1 ga Agusta 2024 mutane suka fito kukan tsadar rayuwa, sai ɓata-gari suka shiga ciki, aka fasa wuraren gwamnati da shaguna aka wawashe kaya, har aka sa dokar hana fita dare da rana. Ƙungiyar Amnesty ta ce 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24 a jihohi dabam dabam cikin kwanakin, rundunar kuwa ta musa. A watan Nuwamba aka gurfanar da yara a kotu a Abuja, waɗansu suka faɗi don galabaita, sai da Shugaban Ƙasa ya ba da umurni aka sake su.

Amsar ita ce, ba a rushe kasuwa don akwai 'yan sane a cikinta, kama ɗan sanen a ke yi. Gwanintar ɗan sanda ita ce ya rarrabe mai kuka da mai sata. In ya haɗa su ya buga, ya cuci mai gaskiya, ya kuma ba ɓarawo wurin ɓuya. Ko ɓarawon ma hukuncinsa gaban alƙali ya ke, ba bakin bindiga ba. Manoman rani sun fi kowa gane wannan. Duk madatsar kirki ana yi mata mafita, inda ruwa zai bi in ya yi yawa. Mutanen wannan yanki ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba, sun san abin da ruwa ke yi in ya fi ƙarfin abin da ya tare shi. Fushin jama'a haka ya ke. Wanda ya toshe masa mafita bai kawo zaman lafiya ba, jinkirta ambaliya ya yi, ya kuma ƙara mata ƙarfi.

Abin da Ke Kan Kowa

A kan masu kuka akwai sharuɗɗa. Na farko, kukan ya zama gaskiya, ba ji-ta-ji-ta ba. Na biyu, a fara bin ƙofofin da ke kusa: mai unguwa, dagaci, hakimi, ƙungiyar manoma, da hukumar da abin ya shafa, kamar Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are in maganar ruwa ce. Na uku, in ya zama tilas a taru, a sami shugabanni sanannu, a sanar da 'yan sanda rana da wuri da hanyar da za a bi, sanarwa ba roƙo ba. Kada a ɗauki makami, kada a tura yara gaba manya su koma gida, kada a taɓa rumfar kowa. Mai tallan da aka zubar wa kaya shi ma talaka ne. Wanda ya fito kukan zalunci ya zalunci wani, ya kashe hujjarsa da hannunsa.

Nan ne amfanin karatu ya ke bayyana. Wanda ya iya rubutu yana da makamin da ya fi gora. In an cuce shi, sai ya rubuta rana da wuri, da sunan ɗan sandan da lambarsa, da sunayen shaidu. Ya kai wa babban jami'in ofishin, ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko Hukumar Karɓar Koke-koke ta Jihar Kano, ya kuma ajiye kwafi. Kada ya dangwala hannu a takardar da bai karanta ba. Magana iska ke ɗauke ta, rubutu kuwa yana nan ko bayan shekara goma.

A kan ɗan sanda akwai tambaya mai wuya: in an ba shi umurnin ya harbi mutanen da ba su riƙe da komai, ya wadatar ya ce umurni aka ba shi? Biyayya ginshiƙin aikinsa ce, runduna ba ta tsayuwa sai da ita. Amma malamai sun yi bayani cewa biyayya ga shugaba tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce saɓon Allah, doka ma ba ta wanke wanda ya bi umurnin da kowa ya san haram ne. Wanda ya ba da umurni zai amsa nasa, amma yatsan da ya ja kunamar bindiga na mai shi ne. Ya tuna kuma rigar nan aro ce. Ran da ya tuɓe ta, cikin mutanen nan zai zauna, su za su ɗauki gawarsa.

A kan hukuma nauyi ya fi yawa. Ta biya ɗan sanda abin da zai riƙe iyalinsa, ta koya masa yadda a ke kwantar da taro ba da jini ba. In ya yi laifi ta hukunta shi a fili, ba ta sake masa gari kawai ba. A watan Oktoba 2020, da matasa suka yi ta zanga-zanga a kan rundunar SARS, an rushe ta ran 11 ga watan, amma rushe suna ba shi ne gyaran hali ba. Abin da ya fi duka kuwa, ta ji kuka tun yana ƙarami, tun yana takarda, kafin ya zama taro a kan titi.

Sandan nan na jama'a ne. Da harajinsu aka saye shi, amana aka ba mai riƙe da shi. Aikin Tiga ya nuna alherin da mai kaki zai iya yi in ya ɗauki kansa bawan jama'a, Bakolori kuwa ta nuna abin da ke faruwa in an juya sandan a kan masu shi. Ƙasar da talaka zai iya tsayawa gaban ofis ya faɗi damuwarsa, ɗan sanda na gefe yana tsaron lafiyarsa, ita ce ƙasar da ɗan sanda zai shiga kasuwa a yi masa sannu da aiki da zuciya ɗaya. Allah ya ba shugabanni kunnen ji, ya ba masu tsaro tsoronsa, ya ba talakawa gaskiya da haƙuri, amin.